Zuwa ga Ɗaliban Zane: Aikin da Ba Malami Ne Ya Ba Ku Ba

Ƙannena maza da mata da ke karatun zane, ko a Zariya kuke, ko Kano, ko Maiduguri, ko wata kwalejin ilimi da ba a cika jin sunanta ba, magana nake so mu yi a kan aikin da babu wanda zai ba ku maki a kansa.

Kowane zangon karatu malamai suna ba ku aiki: a zana wannan tulu, a tsara fosta kan tsaftar muhalli, a gwada haɗa launuka. Ku yi su da kyau, domin da su ake koyon ƙa'ida. Amma ranar da kuka fito da takardar shaida, duk 'yan ajinku suna riƙe da irin tulun nan da irin fostar nan. Mai maɗaba'a ko mawallafin littattafan yara ba zai tambayi makinka ba. Cewa zai yi, "Mu ga abin da ka yi." Abin da zai tsayar da idonsa shi ne aikin da kai da kanka ka ga ana bukata, ka ɗora wa kanka, ka bi shi har ya fito a takarda ko a bango, mutane suka yi amfani da shi. Irin wannan aiki nake roƙon kowannenku ya fara tun yanzu, kada ya jira furojet ɗin shekarar ƙarshe.

To, aikin me? Yawancin ɗalibai a waya suke neman amsa. A buɗe Pinterest ko Instagram ko Behance, a ga wani ya rubuta kalmar Turanci mai jela da furanni kewaye da ita, sai a kwaikwaya. Ban hana ku kallo ba, akwai gwanaye a can da ya kamata ku san aikinsu. Sai dai wanda ya yi wancan rubutu bukatar garinsu yake biya, shagon gahawarsu da katin bikinsu. In ka kwafo shi ka shiga dogon layin da ba naka ba, alhali a ƙofar gidanku ga aiki nan jibge ba mai yi.

Ba yau aka fara wannan magana ba, kuma a Zariya aka fara yin ta da ƙarfi. A 1958 wasu ɗalibai na sashen zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiyar da ake kira Zaria Art Society. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Malamansu galibi Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. Ɗaliban ba su ƙi abin da ake koya musu ba, amma suka ce kowa ya koma ya binciki fasahar gidansu, ya haɗa ta da abin da ya samu a aji. Uche Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, ya kuma tattara tatsuniyoyin mutanensa yana zana halittun cikinsu da alƙalami da tawada. Ba a daɗe ba zanensa ya shiga wani bugu na Things Fall Apart, littafin Chinua Achebe. Suna ɗalibai suka faro wannan, ba kuma don jarrabawa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙasar da suka zauna suka yi wannan tunani cike take da nata kayan: zanen bangon gidajen birnin Zazzau, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyanar allon sauka, aikin dukawa a fata. Har yau mu 'ya'yan wurin ba mu taɓa komai a cikin wannan dukiya ba in an gwada da yawanta.

Bari in fara da haruffa, domin nan giɓin ya fi fitowa fili. Ku zaga gari ku karanta allunan shaguna da fostocin siyasa da katunan ɗaurin aure da aka rubuta da Hausa, ku duba nawa ne suka sa wa ɓ da ɗ da ƙ ƙugiyarsu. Mafi yawa sun yar da ita, an bar mai karatu ya canka ko baki ake nufi ko baƙi. Waɗanda suka yi ƙoƙarin sawa kuma, sau da yawa za ka ga harafin ya fita daban da 'yan'uwansa, siriri a tsakiyar masu kauri, ko gajere a tsakiyar dogaye. Dalilin shi ne salon haruffan da mai aikin ya zaɓa a kwamfuta ba shi da ƙ, sai na'urar ta aro daga wani salon ta cusa. Tun shekarun 1930 waɗannan haruffa suka shiga rubutun boko. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da haruffan bugu da za su wadaci harsunan Nijeriya, har aka sa hannun Hermann Zapf, shahararren mai ƙirar haruffa na Jamus. Yau akwai salo irin su Noto na Google, da Andika da Charis na SIL, duk suna ɗauke da masu ƙugiya, kuma kyauta ake samun su. Amma waɗannan sun fi dacewa da cikin littafi. Haruffan kanun labari, na bangon littafi, na sunan fim, na kwalin kilishi ko robar zoɓo, masu ƙiba da kwarjini, su ne suka yi ƙaranci. Wanda bai san Hausa ba ba zai ji zafin rashinsu ba, don haka kada ku jira wani daga waje ya zo ya yi.

Ɗauki kalmar kuɗi ka rubuta ta da kauri, tsawon tafin hannunka. Nan take za ka ga inda aikin yake. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama, daidai inda ɗigon i yake zaune. In ka bar su haka, su haɗe su zama dunƙule. In ka ture i gefe, kalmar ta rabe biyu. In ka rage ƙugiyar, daga nesa ta koma d. Sai ka yi ta gwadawa: ka ɗaga ƙugiyar sama kaɗan, ka sirantar da bakinta, ka ɗan sauke ɗigon, ka manna takardar a bango ka ja da baya ka duba, har sai idonka ya gamsu. Daga nan ka koma manyan baƙaƙe. Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, tana cin wuri kafin jikin harafin ya fara, shi ya sa layin da ya fara da Ɗ yakan yi kamar ya matsa ciki in an jera shi da wasu layuka, sai ka ɗan fito da shi waje. Ƙ kuwa tata a hannun sama na dama take, in ba ka fitar da ita sosai ba a ɗauka K ce aka yi wa ado. Ga kuma 'yar alamar nan ta sama da ke cikin jami'a da ma'aikata da 'ya'ya. Ba ado ba ce, sauti take ɗauke da shi, saboda haka tana bukatar nauyin da za a gan ta ba tare da ta tsinka kalmar ba. In aikinka zai tsallaka Maraɗi ko Damagaram, ka tuna a Nijar ƴ ake rubutawa inda Nijeriya ke sa 'y, sai ka tanadi duka biyun. Hausa tana da yawan a, tana da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da gw da ƙy, ba ta aiki da q da v da x. Shafin Hausa yana da nasa kamannin, kuma wanda ya gwada haruffansa da jimlar Turanci kaɗai bai gwada su ba tukuna.

Akwai wani shiri da masu zane biyu suka faro a Basalona a 2014, mai suna 36 Days of Type: kowace rana a zana harafi ɗaya ko lamba ɗaya, haruffa 26 da lambobi 10. Horon yana da kyau, yana sa hannu ya saba da zama kullum. In za ku yi irinsa ku yi da abacadar Hausa, ku ba masu ƙugiya kwana bibbiyu, domin su ne ba ku da wanda za ku kwaikwaya.

Kada wani ya ruɗe ku cewa kyan rubutu baiwa ce kawai. Awo ne da maimaici. Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza wanda ya rasu a 940, da ɗigon da bakin alƙalami ke yi ya auna haruffan Larabci, tsayin alif ɗigo kaza, sauran haruffa su bi shi. A Ingila, Edward Johnston, wanda ya farfaɗo da rubutu da alƙalami mai faɗin baki ya kuma tsara haruffan jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan a 1916, shi ma da faɗin bakin alƙalami ya koyar da auna tsayin harafi. Wanda ya yi makarantar allo ya riga ya riƙe irin wannan alƙalami tun kafin ya riƙe fensir, amma da yawanku kuna shiga jami'a kuka ajiye wannan ilimi a bakin ƙofa kamar ba shi da alaƙa da abin da ake koya muku.

Ku koma ku ɗauko shi. Nemi alaramma mai rubuta Alƙur'ani da ka, ka je da ladabi da ɗan abin alheri, ka nemi izinin zama kusa da shi. Ka lura da yadda yake fere kara, ya karkata bakin, ya ɗan tsaga shi don ya riƙe tawada. Ka lura cewa ba danna alƙalamin yake yi don layi ya yi kauri ba. Kaurin da sirantar daga karkatar bakin suke fitowa, hannun yana riƙe da kusurwa ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa. Baƙaƙen yake fara rubutawa da baƙar tawada, sai daga baya ya dawo da ja ya sa wasula, ya bi da rawaya ya sa hamza. Rabon launi ke nan, kowane launi da zagayensa, irin wanda za a koya muku a darasin bugu. Ka duba yadda yake cika layi ba tare da ya matse kalmar ƙarshe ba, ka duba farin da yake bari a gefen takarda, da adon da yake sawa a wurin hizbi da sujada. Wannan rubutu mai kauri, wanda fa ɗinsa ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, shi ne hannun da marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya shahara da shi, har aka riƙa ɗaukar hoton rubutunsa ana bugawa a maɗaba'a ana kaiwa garuruwa. A 2017 SIL ta fitar da salon haruffan kwamfuta mai suna Alkalami, wanda aka gina a kan irin rubutun nan na Kano. Na yi murna da fitowarsa, kuma ina fatan na gaba ya fito daga hannun ɗayanku.

Sai dai a kiyaye ladabi. Ba a gwajin hannu da ayar Alƙur'ani a takardar da za ta ƙare a kwandon shara, ba a kuma ɗora ta a leda ko kwalin kaya. Ajami ya ishe ku filin gwaji. Har yanzu yana nan a takardun naira 200 da 500 da 1000, kuma akwai dattawa da yawa da ya fi musu boko sauƙin karantawa. Ga aiki mai amfani: allon ƙaramin asibiti ko kemis da aka rubuta da boko da ajami tare, nauyinsu ɗaya, ba wanda ya danne wani, ɗaya yana tafiya daga hagu ɗaya daga dama. Duk wanda ya gwada zai ga ba ƙaramin lissafi ba ne.

Malaminku na biyu a bakin titi yake, mai rubuta allon shago da bayan manyan motoci. Na ga yadda wasu ɗalibai ke raina shi don bai yi jami'a ba, kuma wannan raini asara ce gare su. Ka tsaya ka ga yadda yake shafa wa zare alli, ya ɗaure shi tsakanin ƙusa biyu, ya ja ya saki, layi ya fito a miƙe. Ya ƙirga haruffan sunan shagon, ya nemo na tsakiya, ya fara daga nan ya bazu hagu da dama don kada wuri ya ƙare masa. Ba ya auna tazarar haruffa da rula. Ya san masu zagaye irin O suna son matsowa, masu miƙe irin I da H suna son sarari, kuma ido ne alƙali. Da buroshi mai faɗi yake jan jikin harafi a tashi ɗaya, ya san yawan abin da zai sirka fenti da shi don kada ya zubo. Injin buga manyan allunan roba ya cinye wa masu rubuta allo kasuwa, yawancin gwanayen sun manyanta, yaransu sun koma wata sana'a. In ka samu wanda zai yarda ka riƙe masa gwangwanin fenti na hutu guda, ka riƙe. Ku kuma ƙannena mata, wadda ta iya zanen lalle ta riga ta mallaki abin da ake shan wuya kafin a samu, wato hannun da ba ya rawa da sanin yadda ake cika fili da ado ba tare da ya cushe ba. Kada ki ɗauka wancan daban, karatunki daban.

Mu juya ga zanen hoto. In kana neman aikin da zai gwada duk abin da ka sani, ɗauki tatsuniya ɗaya ta Gizo da Ƙoƙi, wadda ka ji daga bakin kakarka, ka mai da ita littafin yara mai shafi 16. Kafin ka ja layi ɗaya tambayoyi za su taso. Gizo gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, ko mutum ne mai halin gizo, ko tsakani? Yana sa hula? In yana sawa, ƙube ce ko haɓar kada? Mai ba da tatsuniya ba ta taɓa bukatar amsa wannan ba, kai kuwa dole ka yanke hukunci, kuma yaron da ya ga naka zai iya girma da shi a matsayin kamannin Gizo. Dodo fa, yaya za ka sa ya ba da tsoro ba tare da ya hana yaro barci ba? An san Gizo da tsamin baki, to me zai hana maganarsa ta fito da nata rubutun hannu, mai ɗan karkacewa, dabam da ta Ƙoƙi? Nan ne zane da rubutu ke haɗuwa a aiki ɗaya.

Kada ka fara da babbar takarda. Ka zana dukkan shafukan ƙanana, kowanne girman kwalin ashana, a fuskar takarda ɗaya, don ka ga tafiyar labarin gaba ɗaya: ina za a matso kusa da fuska, ina za a ja baya a ga gari, wane abin mamaki za a ɓoye sai an juya shafi. Ka naɗe fararen takardu ka yi ɗan littafin gwaji, ka bar wa rubutu wurinsa tun farko. Ka zana Gizo ta gaba da ta gefe da ta baya, yana dariya, yana gudu, yana ƙarya, har ya zama duk inda ya fito a gane shi ne. Sannan ka tara ƙannenka da yaran maƙwabta ka karanta musu. Kada ka yi bayanin hoton. Ka dubi inda idonsu ke tsayawa, ka saurari tambayarsu. In yaro ya nuna akuyarka ya ce kare ne, yaron ne ke da gaskiya.

Akuyar ba za ta gyaru daga hoton intanet ba, sai ka je inda awaki suke. Ka riƙa yawo da ƙaramin littafin zane a aljihu, ka zauna a tasha, a Kasuwar Kurmi, a marinar Ƙofar Mata, a bakin rijiya, ko duk inda jama'ar garinku ke taruwa. Ka koyi yadda babbar riga ke zuba in an naɗe hannuwanta a kafaɗa, yadda mayafi ke bin motsin mai tafiya, yadda dattijo ke zama a tabarma, yadda mangala ke rinjayar jaki, yadda haske ke sauka a baƙar fata da tsakar rana. Ka nemi izini kafin ka zana fuskar mutum, musamman mata da manya. Manhajojin da ke ƙirƙiro hoto da umarni suna iya fito da abu mai sheƙi cikin daƙiƙa, amma sau da yawa sukan cakuɗa rawanin wata ƙasa da rigar wata, su gina gidan da ba a taɓa gani a ƙasar Hausa ba. Wanda ya zauna ya kalli abin da idonsa shi ne zai gane kuskuren, kuma wannan sani ne za a biya shi a kai.

Na san akwai waɗanda zuciyarsu ba ta kwanta da zana mai rai ba. Wannan magana ce ta malamai, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa, ka tsaya inda ka natsu. Kada dai ya sa ka bar fagen, domin fili yana da yawa. Ɗan littafin itatuwan ƙasarmu kaɗai, kuka da tsamiya da aduwa da magarya da ɗorawa, kowace da ganyenta da 'ya'yanta da sunanta a rubuce da hannu, da gawo da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, aiki ne da makarantun firamare za su amfana da shi. Haka taswirar ƙofofin gari, ko kundin zanen bangon tsofaffin gidaje kafin a rushe su a zuba bulo.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne buri. Ɗalibi ya ce zai zana tarihin Daular Usmaniyya a mujalladi uku, ya yi shafi huɗu ya gaji. Ka yanka aikin daidai abin da za ka iya gamawa a hutu ɗaya ko zango ɗaya: tatsuniya guda, haruffa salo guda, takardar manna wa kayan sana'ar innarka. Ka sa wa kanka ranar gamawa, ka gaya wa wani abokinka da ba ya jin nauyin tambayarka. Rashin kwamfuta mai tsada ba hujja ba ce. Fensir da tawada da takarda sun isa kashi mafi yawa na aikin. Ka ɗauki hotonsa da waya a inuwa da rana, wayar a miƙe a saman takardar. Inkscape da Krita da FontForge duk kyauta ne. CorelDraw kuwa ka koye shi ko ba ka so, domin shi za ka tarar a yawancin shagunan bugu.

Aikin da ya tsaya a waya bai ƙare ba, sai ya shiga maɗaba'a. A can za ka gane cewa fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ya burge ka yakan fito a dushe. Ka mai da aikin tsarin CMYK tun da wuri don ka ga gaskiyar abin da zai fito. Hoton da za a buga ya kai ɗigo 300 a inci. In launi zai kai bakin takarda, ka ƙetare da shi milimita 3, domin wuƙar yanka ba ta faɗawa daidai kullum. Shafukan littafin da za a naɗe su zama masu rabuwa da huɗu. Kafin ka miƙa aikin, ka mai da duk rubutun ya zama zane, in ba haka ba kwamfutar mai bugu, wadda ba ta da salon haruffanka, za ta canza su, kuma masu ƙugiya ne za su fara ɓacewa. Ka nemi a buga maka gwaji ɗaya ka karanta shi harafi-harafi. In kuɗi bai kai ba, ka tsara aikin da baƙi da fari ka kai hoto-kwafi. Aikin da aka tsara shi don launi ɗaya tun farko yana da nasa kyan, kuma yana tona asirin wanda ke ɓoye raunin zane a bayan launuka.

Kada ku zubar da takardun gwaji. Ku sa musu kwanan wata ku adana. Mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi ya fi son ganin yadda ɗ ɗinka ta tashi daga dunƙule ta zama harafi, a kan ya ga aiki goma masu ƙyalli da bai san yadda aka yi su ba. Ku riƙa nuna wa malamanku, ko da ba su suka sa ku ba. Yawancinsu za su ji daɗi, kuma gyaran da za su yi muku a nan ya fi na aji zurfi, tunda babu maki a tsakani.

In aikinka ya fara fita, masu so za su zo, wasu da kuɗi wasu da "Allah ya yi albarka" kawai. Yi wa masallacin unguwa ko makarantar marayu kyauta abu ne mai kyau in kai ka zaɓa. Amma mai kasuwa ya ba da kafin alƙalami, ku kuma rubuta abin da kuka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon waya ne: nawa ne, yaushe za a karɓa, gyara sau nawa, a ina zai yi amfani da zanen. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 tana kare zanenka tun daga lokacin da ka yi shi, ba sai ka yi rajista ba. Yadda ba ka so a ɗauki naka, kai ma kada ka ɗauki na wani. In daga wurin wani maɗinki ko magini ko alaramma ka koyi wani ado, ka faɗi sunansa in ya yarda, ka kuma kai masa kwafi ya gani.

Ga roƙona a hutun da ke tafe. Kowannenku ya zaɓi mai sana'a ɗaya a unguwarsu, mai shayi ko tela ko mai niƙa, wanda ba shi da allo ko nasa ya koɗe. Ku tambaye shi abin da yake so a rubuta, ku rubuta masa da Hausa daidai, kowace ƙugiya a wurinta, da hannunku. In an kafa allon, ku tsallaka titi ku karanta shi daga can, ku kuma sa wani mai wucewa ya karanta. In bai karantu ba, ku sauke shi ku sake.